Dashen da Kawu Mande Ya Bari

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da shi zan fara, don in ban fara da shi ba sauran maganar ba za ta fito ba. Ranar da aka ce Kawu Mande ya rasu ban yi kuka ba. Ban-ruwa na tafi yi.

Da hantsi ne. Ina zaune bayan ɗakin girki, gindin zogale, da wani littafin soyayya da na aro wurin ƙawata, na sa shi cikin hijabi kamar kullum. Kawu ya fita tun bayan asuba zuwa Bakura duba wani abokinsa da ba shi da lafiya. Sai na ji wayar matarsa, Inna Luba, ta yi ƙara a tsakar gida. Na ji ta ce, "Na'am, ita ta." Sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," da wata murya siririya da ban san ta da ita ba. Wai Kawu yana cikin gaisawa da mutane a zaure ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bango. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Wanda aka je dubawa yana nan da ransa.

Nan da nan gida ya cika da mata. A littattafan da nake karantawa, in irin wannan labari ya zo wa yarinya, faɗuwa take yi sumammiya, a yayyafa mata ruwa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne sallahun da ya bar mini yana ɗaura hula: "Uwata, ki ba iri ruwa kahin rana ta yi zahi." Na tashi na ɗauki gwangwanin da ya huhhuda wa gindi, na ɗebi ruwa a randa, na tsuguna kan fangalin da ya yafa irin tumatir. Ana salati a bayana, ni ina bin 'yan tsirrai ɗaya bayan ɗaya kada ruwa ya kwantar da su. Na daɗe ina jin kunyar wannan, ina cewa ko zuciyata dutse ce. Yanzu dai ina ganin da zai leƙo ya gan ni, ba zai yi fushi ba.

Kawu Mande wan mahaifiyata ne. Tela ne a nan Talata Mafara, mutum mara tsawo, mai sanyin tafiya, wanda in yana magana sai ka matso. Mutane da yawa da suka zo gaisuwa sun faɗi alherinsa: wanda ya ɗinka wa kayan sallah bai karɓi komai ba, wanda ya raka asibiti, wanda ya sasanta da ɗan'uwansa. Ni ban san shi a kasuwa ba. A bayan ɗaki na san shi, a 'yar farfajiyar da ke tsakanin rijiya da katanga, inda ya yi lambu. A nan zan tsaya, don abin da na sani ke nan.

Ina 'yar ƙarama mahaifiyata ta rasu a ƙauyenmu, can wajen Janbako ta ƙasar Maradun. Bayan an share makoki Kawu ya roƙi Babana ya ba shi riƙona, don in yi makaranta a Mafara. Baba ya amince, ba don ba ya so na ba, don yana ganin girman Kawu. Na tuna ranar tafiya. Mun shirya tun da safe, amma Kawu ya ƙi tashi, ya yi ta hira da Baba har rana ta karya. Sannan ya ce a ɗauko mini tabarmar da nake kwana a kai da mahaifiyata, da ƙaramin kwanon da take zuba mini fura, da wani tsohon zanenta. Wata gwaggona ta ce, "Haba Malam, birni za ta, mi za ta yi da tsummokara?" Ya ce, "A dai sa su." Sai bayan la'asar muka shigo gidan nan. A lokacin ban san duk wannan da dalili ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake cewa. Inna Luba ita ma ba ta faɗin sunan surukarta, sai ta ce Ummi. Watannin farko ba na magana, ba na cin abincin kirki, in an yi baƙi sai in shige bayan ƙyaure. Bai taɓa cewa in saki jiki ba. Abin da yake yi kawai, in ya dawo daga shago sai ya ce, "Uwata, riƙe min gwangwani." In bi shi lambu, yana aiki ina riƙe da ruwa, ba mai ce wa wani komai. Wata rana yana ta da kunyoyin da zai dasa tattasai, ya ɗago ya dube ni na rufe rabin fuska, ya ce, "Gidanga kunya biyu gare mu. Ga wadda nika yi da hauya, ga wadda kika yi da hijabi. Tawa dai tana ba da miya." Ranar na fara dariya a Mafara.

Duk wanda ya san gidan nan ya san gardamar Kawu da Inna, gardamar da ta girme ni. Kawu mutumin dashe ne. Shi sai ya yi ɗan fangali a inuwa, ya tankaɗe ƙasa da taki, ya yafa iri, ya rufe da ciyawa, ya yi ta reno har tsiro ya kai tsawon yatsa da ɗan ƙari, sannan ya zaɓi masu ƙarfi ya kai su gurbinsu. Inna kuwa 'yar Bakura ce, gidan manoma ta tashi, ita a wurinta iri a tona masa rami ne a binne inda zai zauna, shi ke nan.

"Malam, wahalar banza kaka yi," in ji ta. "Abu na zaune lahiya, ka tuge shi, ka kai shi wani wuri, ka koma kana lallashi. Wa ya aike ka?"

"Ɗiyar Bakura, ke kam zubar da iri kika yi. Ki watsa goma, kaji su ci biyar, ƙadangare shi ci ukku, ki zo kina yi min alfahari da biyu."

"Biyun nan dai ba su taɓa suma ba."

"Nawa ma ba suma sunka yi ba. Tunani suka yi."

Ni da ke karanta littattafan da saurayi ke tsara wa budurwa kalamai kamar zuma, na ɗauka so shi ne wannan. Ban gane ba sai daga baya cewa mutum biyun nan, in suna musu a kan tumatir, hirar soyayyarsu ce suke yi. Ban taɓa jin ya ce mata yana son ta ba. Amma tumatir ɗin farko da ya nuna kowace shekara, a tafin hannunta yake sa shi, ko da ba su gama faɗan ba.

Wata shekara suka ce a raba gardama. Iri ɗaya, rana ɗaya: Inna ta binne nata a kunya guda, Kawu ya yafa nasa a fangali, daga baya ya dasa a kunyar da ke kusa. Ni aka sa alƙali, wai don ba na magana balle in yi son kai. Abin da na gani da idona shi ne wannan. Na Inna ya riga girma, don ba abin da ya katse shi, har ya riga yin fure. Amma kaji sun tone wasu, wasu ba su fito ba, inda suka fito da yawa kuma sai da aka cire wasu aka zubar, kunyar ta zama nan cunkus nan fili. Na Kawu da aka dasa sai da ya kwanta kwanaki kamar ba zai tashi ba, ya tsaya cik, Inna na wucewa tana yi masa ta'aziyya. Da ya tashi kuwa, ya tashi bai ɗaya, kai da kai, ba gurbin da ya faɗi. Sai kuma aka yi wani lokaci rijiya ta ja baya, ruwa ya yi wuya. Nan na Inna ya nuna halinsa: saiwarsa guda ce ta nutsa ƙasa can, rana ta yi ta duka yana tsaye. Na Kawu saiwarsa a sama ta bazu, kafin azahar ya yi laushi, sai da muka riƙa tara ruwan alwala muna ba shi. Da ruwa ya dawo, na Kawu ya fi cika kwando, na Inna ya fi daɗewa yana bayarwa.

Suka zaunar da ni suka ce in yanke hukunci. Na sunkuyar da kai na ce, "Duka sun yi." Inna ta ce an saye alƙali. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gaskiya ta hwaɗi. Wanda anka shuka a gurbinai ya hi jure ƙishirwa. Wanda anka dasa ya hi son a kula da shi. In an kula da shi kuwa, ba ya ba ka kunya."

Dokokinsa na dashe ba su da yawa, kuma na haddace su kamar karatun allo. Ba a dashe da rana tsaka, sai da marece, don tsiro ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana. A jiƙa fangali tukuna, kada a fizge. A ɗauko shi da ƙasarsa, wadda ta manne wa saiwa, "don kada shi farka shi ga ba kowa nashi." In ya kwanta kuma kada a yi saurin cire shi. Yakan ce, "Dashe in ya kwanta ba mutuwa ya yi ba. Tambaya shika yi, ana so na nan ko ba a so na? Ruwa ka ba shi amsa."

Da na fara ganin na iya, sai na yi karambani. Inna ta shuka guro, wato kuɓewa, ya fito da yawa a rami ɗaya. Na ji tausayin waɗanda za a cire a yar, na bari sai da marece, na jiƙa ƙasa, na ɗauko su a hankali na dasa gefen rijiya. Na bi duk dokokin. Suka kwanta, na ce tambaya suke yi. Na yi ta ba su amsa safe da yamma har suka bushe ƙurmus. Kawu ya same ni tsugune a kansu ina share hawaye. Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya tono ɗaya ya nuna mini saiwar, doguwa guda ɗaya, ta katse a tsakiya. Ya ce, "Uwata, ba kowane abu ka karɓar dashe ba. Tumatir da albasa da tattasai da yalo, in ka katse musu saiwa sai su hiddo wata. Guro da kabushi da karas, saiwa guda Allah Ya ba su. In ta katse, shi ke nan. A nan ɗiyar Bakura ta hi ni gaskiya, amma kada ki hwaɗa mata."

Ya murza busasshen ganyen. Sannan ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Mai dashe kullum cikin tsoro shika. Bai san abin da ya ɗauko ba sai ya ga ya tashi."

Ban fahimci wannan maganar ba sai bayan rasuwarsa.

Ranar sadakar bakwai Babana ya zo daga Maradun. Bayan an watse ya shigo ya yi wa Inna gaisuwa, ya zauna bakin ƙofa, ita tana ciki cikin takaba. Ina bayan labule ina ji. Ya yi godiya mai tsawo, ya ce abin da aka yi wa ɗiyarsa sai dai Allah Ya biya. Sannan ya ce, "Wanda ya ɗauki riƙo ya tahi. Bai kamata in bar miki nauyi ba, ga ki cikin wanga hali. In an yi arba'in sai in zo in tahi da ita." Inna ta ce, "Ɗiyarka ta, Malam. Yadda ka gani." Na san kara ce ta yi masa, don ita ba jinina ba ce, ba ta ganin tana da bakin roƙo. Shi ma na san kara ce ya yi mata. Ni kuma da maganar ta shafa, ina bayan labule na toshe bakina da hijabi. 'Ya'yan Inna maza ne, duk suna aiki a wasu garuruwa. In na tafi, ita kaɗai za ta rage da randa da rijiya.

Cikin kwanakin nan irin da Kawu ya bari ya yi ta tsawo a fangali, ya cunkushe, ƙasan ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa. Na san in aka ƙara jinkiri zai tsufa, ko an dasa ba zai yi kirki ba. Amma kunyoyin da ya tayar kafin ya tafi, da sawun ƙafarsa a tsakaninsu, na kasa taɓa su. Washegarin tafiyar Baba, bayan la'asar, ina tsaye ina kallon fangalin sai na ji motsi. Inna ce, da tsohon zane, ta naɗe hannun riga. Tun rasuwar ba ta taka lambun ba.

Ta ce, "Ummi, jiƙa ƙasa."

Na dube ta.

"Mi kika kallo? Rana ta yi sanyi. Ko so kike shi ce mun bar mishi iri ya lalace?"

Matar da ta shekara da shekaru tana cewa dashe wahalar banza ce, ita ce ta durƙusa tana sa yatsu ƙarƙashin kowane tsiro, tana ɗago shi da ƙasarsa kamar mai ɗaukar jariri. Ashe duk dokokin ta san su. Ina haƙa rami tana sawa, tana danna gindin da babban yatsa yadda yake yi. Mun kai rabin kunya ta biyu sai ta fara magana, ba ta ɗago ba.

"Da ya kawo ki, kin san bai barci? Shi ce min, Luba, ina tsoron yarinyar ga guro ta. In na katse mata saiwa, mi zan ce ma ƙanwata gobe kiyama? Ya ce in damina ta kama ba ki saki jiki ba, da kainai zai maishe ki ga ubanki. Ranar da kinka yi dariya, shigowa ya yi ɗaki kamar an yi mishi bushara, ya ce, Luba, ta kama."

A nan ne kukan da bai zo ba ranar rasuwa ya zo. Na tuna tabarma da kwano da zane. Na tuna zaman da ya yi har rana ta karya. Na tuna duk sallah sai ya kai ni Maradun da kansa, ko hanya ta yi kyau ko ba ta yi ba, in kwana ɗakin da aka haife ni, in gaida Baba da dangi, don kada ƙasar da ke jikin saiwata ta kakkaɓe. Muka zauna tsakanin kunyoyi ni da Inna, hannuwanmu duk laka, muka yi kuka har aka kira magariba. Sannan ta share fuska da gefen zane ta ce, "Tashi mu ƙarasa. Kada ki hwaɗa ma kowa na yi dashe."

Inna, ki yafe mini, ga shi na faɗa.

Sun kwanta, kamar yadda suka saba. Muka yi ta ba su amsa. Yau da ake sadakar arba'in, duk sun miƙe in ban da guda biyu, kuma na bakin rijiya sun fara fure, 'yan ƙanana rawaya. Wanda ya yafa irin bai ga ko ɗaya ba.

Ya Allah, ga bawanKa Mande ya zo gare Ka. Ka jiƙan sa, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa shi kamar yadda yake jiƙa ƙasa kafin ya taɓa tsiro. Ka ɗauke shi daga wannan gida da sauƙi, Ka dasa shi a Aljanna Firdausi kusa da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, inda ba rana mai ƙuna, ba rijiya mai ja baya. Duk wanda ya ci daga lambun nan, mutum ko tsuntsu, Ka rubuta masa ladan. Ka ba Inna Luba haƙuri da lafiya, Ka fitar da ita takaba cikin aminci, Ka raya 'ya'yan Kawu bisa halinsa. Ka saka wa Babana da alheri, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Da na fara rubutun nan, na yi niyyar in ninke shi in sa cikin akwati, inda nake ajiye duk abin da na kasa faɗa. Amma akwai doka guda ta Kawu da na bari sai ƙarshe, kuma Baba, kai nake so ka ji ta. Yakan ce, "Dashe sau guda aka yi nai. In ya kama har ya yi hure, ba a koma tuge shi." Baba, ban manta gida ba, kuma ba zan manta ba. Duk hutu zan zo, duk sallah zan zo. Amma ina roƙonka ka bar ni wurin Inna in ƙare makarantata. Ni ba nauyi ba ce a kanta. Ba za ta iya faɗa maka ba, ni ma da baki ba zan iya ba.

Ina jin muryarka yanzu a zaure kuna gaisawa da mutane. Kunya na neman hana ni fitowa. Amma in muna ban-ruwa na tsaya nesa ina miƙa gwangwani, Kawu cewa yake yi, "Uwata, na can ƙarshe ba su samun ruwa sai kin tsallake kunya."

To, zan tsallake. In jama'a sun ragu zan kawo maka takardar nan da hannu biyu. Na san a hankali kake karatu, kana bin layi da yatsa. Kada ka yi sauri. Ina lambu ina ban-ruwa har ka gama.